Baƙo a Ƙofar Gidansa

Bas ɗin ta gangara cikin jirgin fito a hankali, ta tsaya bayan wata tankar madara. Direban ya ja burki, ya kashe inji, ya jawo makirfo kusa da bakinsa.

"To jama'a, mun bar gundumar Kerry ke nan. Wannan kogin Shannon ne, minti ashirin za mu yi a kansa, waccan gaɓar kuma Clare ce. Mai son hoto ya fita, amma ya dafe hularsa. Iskar nan in ta ari abu ba ta mayarwa."

Amurkawa suka yi dariya, suka miƙe suna zuge rigunan ruwansu masu launi-launi. Kafin minti biyu motar ta yi wayam, saura mutum ɗaya a layi na bakwai, jikin taga. Dinny Considine ne, sanye da kwat ɗin da yake zuwa coci da ita, hularsa a kan gwiwa. Kujerar da ke gefensa babu kowa. Kwana huɗu ke nan babu kowa a kanta.

Direban, wani jibgegen mutumin Limerick mai jar fuska da ake kira Podge Hartigan, ya tako tsakiyar motar yana tsintar kofunan takarda. Da ya iso layi na bakwai ya tsaya.

"Dattijo, ba za ka fita ka gaida ƙasarku ba?"

"Na san ta. Ita ma ta san ni."

"Tun Dublin nake son in tambaye ka. Shekara goma sha tara ina jan motar nan. Na ɗauki Amurkawa, na ɗauki Jamusawa, har Japanawa na ɗauka. Amma manomin Clare? Kai ne na farko. Me ya yi zafi? Shanu ne suka kore ka?"

"Zuwa na yi in ga ko gaskiya ne da ake cewa 'yan Limerick ba sa rufe baki. Ashe ba a faɗi rabi ba."

Podge ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa. Dinny ya bari ya gama, sannan ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba.

"Golf ɗin nan na yau, a ina za a yi shi? Takarda dai cewa ta yi gaɓar Clare."

"Kilcarrig. Masu wasa su yi rami tara, sauran su ci abinci su sha iskar teku. Ka san wurin?"

"Na taɓa jin sunan," in ji Dinny.

Ya mayar da fuskarsa ga taga. Akwai filayen golf har huɗu a gaɓar nan. Tun da ya karanta takardar tafiyar yake roƙon Allah ya sa ɗaya daga cikin sauran ukun ne.

A Kilcarrig aka haife shi, shekara saba'in da huɗu da suka wuce, kuma a duk tsawon wannan lokacin bai taɓa zuwa hutu ba. Saniya ba ta san Lahadi ba, balle hutu. Sau uku ya je Dublin, duk asibiti ya kai matarsa Nuala, na ukun kuma shi kaɗai ya dawo a kujerar gaba. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. 'Yarsu ɗaya tilo, Sorcha, nas ce a Perth, can Australiya, ta auri wani ɗan ƙasar mai suna Grant wanda ba shi da zance sai golf. Ita ce ta shirya tafiyar tun watan Janairu: za su haɗu a Dublin su uku, su zaga tsibirin ƙasarsu kwana shida, Grant ya buga ƙwallonsa, Baba ya ga ƙasar da ya zauna a ciki bai taɓa gani ba, sannan su wuce gida su yi kwana goma.

Dinny ba mutum ne mai surutu ba, amma wannan labarin bai zauna a cikinsa ba. Ya faɗa a bakin coci, ya faɗa a kasuwar shanu, ya faɗa wa mai kawo wasiƙa sau biyu. Ya yi wa gidan farin fenti, ƙofa kuma ja. Ya sayi sabuwar katifa. Ya damƙa shanunsa da karensa ga maƙwabcinsa Mossie Talty, wanda suka zauna benci ɗaya a firamare.

Ranar Juma'a, ana gobe tafiya, waya ta yi ƙara. Sorcha ce, murya a raunane. Tana da ciki wata biyar, da ma ta ɓoye ne don ta ba shi mamaki a filin jirgi. Ta ga jini, likita ya ce babu hawa jirgi, ta kwanta ta huta. Jaririn lafiya lau.

"Baba, ka je kai kaɗai, don Allah. An gama shirya komai. In ka zauna a gida zan fi jin ciwo. Kuma Baba, Nuwamba zan haihu. Ka zo mana. Ka yi hunturu a nan."

"Shanun fa?" in ji shi. Amsar da ya saba ba ta ke nan duk shekara.

Da safe Mossie ya zo kai shi tasha, yana ta cewa a gaida Sorcha, a ce matarsa Josie na nan tana jiran ta da burodin da take so. Dinny ya buɗe baki zai faɗa masa ba za ta zo ba, sai ya fasa. Ya ce, "Za ta ji." Daga nan kuma ƙarya ta riga ta hau mota.

Haka ya zaga Dublin a bayan Amurkawa, yana kallon gine-gine hannunsa a baya. Ya ga fadar Kilkenny. Ya shiga keken doki a Killarney, shi da ya girma yana jan jaki. A kowane otal teburin cin abinci na mutum uku ake nuna masa, sai ma'aikaciya ta zo ta kwashe faranti biyu a gabansa. Mutanen motar ba su da laifi, suna da fara'a, sai dai kowa da nasa. In an tsaya sai su miƙa masa waya ya ɗauke su hoto, mata da miji, kafaɗa da kafaɗa. Ya ƙware har ya daina sa yatsa a gaban gilashin.

Jirgin ya daki gaɓa, mutane suka dawo da jajayen kumatu, mota ta haura.

Tun daga mararrabar farko ya san kowace katanga. Ga gonar su Keane, ba su yanke ciyawa ba har yanzu, ragwaye. Ga maƙabarta a kan tudu. Bai kalle ta ba, ya dai taɓa goshinsa da sauri. Yayyafi ya sauko ya ɗauke, rana ta leƙo, filayen suka yi kore shar har bakin teku. Ya ɗan zame a kujera, ya sa hularsa, ya jawo ta ƙasa.

Podge ya rage gudu a wata kwana, ya ɗauki makirfo.

"Ku duba hagu, jama'a. Ga irin gidan da kuke gani a kalanda. Farin bango, jar ƙofa, teku a baya. To bari in gaya muku gaskiya, babu kowa a ciki. Ku lura, ba hayaƙi, ba shanya, ba mota a ƙofa. Fenti ne kawai sabo. Irin waɗannan yanzu duk na Jamusawa ne ko 'yan Dublin, mako biyu suke zuwa a shekara. Masu gidan na asali suna Boston, suna Sydney, ko suna can kan tudun da muka wuce."

Motar ta karkata hagu da nauyin mutane. Wayoyi suka tashi. Wata mata daga Ohio mai suna Donna, wadda kujerarta ke ƙetaren tasa, ta roƙe shi gafara ta miƙo hannu ta saman kansa.

"Kai, wannan gida! Walt, kalli, nan ya kamata mu ƙare rayuwarmu." Ta juyo ga Dinny. "Kai da kake ɗan ƙasa, mutum zai iya zama a wuri irin wannan? Kaɗaici ba zai kashe shi ba?"

Dinny yana kallon gidansa. Bai taɓa ganin sa daga wannan tsayin ba. Ya yi masa ƙanƙanta, ya yi tsaf, kamar abin da aka ajiye aka manta. Labulen ɗakin da ya sa sabuwar katifa a rufe yake.

"Ba ya kashewa," ya ce. "A hankali yake bi."

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwancin 'yan ƙasar ne. Shi kuwa idonsa ya riga ya koma gona. Shanu na kiwo a ƙasan katanga. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya kafin kwanar ta ɓoye su. Jar saniyar ba ta ciki. Sai ƙarshen wata ya kamata ta haihu. Ya kai hannu aljihu wurin waya, sannan ya tuna wanda zai kira da abin da za a tambaye shi. Ya zare hannun.

Filin golf ɗin mil biyu ne daga gidan, shimfiɗe a cikin tuddan yashi inda da can mahaifinsa ke farautar zomaye. Mossie ne ke yankan ciyawar filin tun shekara talatin. Matarsa Josie ce ke dafa abinci a kicin ɗin kulob. Mai sayar da tikiti ɗan ƙanwar Nuala ne. Babu kusurwar da Dinny zai tsaya a wurin nan ba a kira sunansa ba.

Mota ta tsaya. Maza takwas da mata uku suka sauka aka fito musu da jakunkunan sanduna, sauran suka nufi ɗakin cin abinci. Podge ya leƙo.

"Dattijo, miyar rago ce yau. Matar da ke dafawa a nan, in ka ci nata sai ka raina na kowa."

"Gwiwa ce ta tashi. Zan zauna."

"In kawo maka?"

"Na ƙoshi."

Podge ya dube shi ɗan lokaci, ya ɗaga kafaɗa. "Zan bar ƙofa a buɗe, kada ka shaƙe a ce ɗan Limerick ya kashe ɗan Clare."

Dinny ya koma kujerar baya, inda gilashin ya fi duhu. Shiru ya cika motar, sai ƙarar injin yana hucewa. Daga nan yana hango tudun farko. Walt, mijin Donna, ya gyara tsayuwa, ya kaɗa sanda, ƙwallon ta tashi iska ta ɗauke ta ta kai cikin dogayen ciyayi. Dariyarsu ta iso masa ƙasa-ƙasa. Da nan Grant zai tsaya. Da Sorcha na gefe tana tsokanar sa, da shi kuma Dinny ya shiga kicin ya ce wa Josie, ga ta nan, na kawo miki ita. Sau nawa ya shirya wannan shigar a ransa yana fentin bango.

Yunwa ta fara cin sa. Ya laluba aljihu ya sami biskit ɗin otal guda biyu a leda, ya ci ɗaya. Ya yi tunanin ranar Alhamis, ranar da zai sauka a tashar garin shi kaɗai da akwati. Ya shirya cewa an kira su wurin aiki da gaggawa. Ya gwada maganar a bakinsa, ta fito masa kamar ta yaro.

Wajen rabin awa sai ya ji ƙarar injin yankan ciyawa tana matsowa, ta mutu a bayan ginin. Can kuma sai takun takalmin roba a kan tsakuwa. Motar ta ɗan girgiza. Wani ya hau.

"Na ga bas mai kyau na ce bari in ga yadda masu kuɗi ke zama," in ji Mossie Talty.

Yana tsaye a gaba, gajere, ƙafafu a gwame, ciyawa manne a wandonsa. Tire ne a hannunsa, an rufe da tsumman kicin. Ya tako har baya yana kallon rufi da fitilu kamar mai shirin saya, ya zauna a kujerar ƙetare, ya ɗora tiren a gwiwar Dinny.

"Josie ta ce ka ci da zafinsa, in ba haka ba ni za ta yi wa faɗa."

Dinny ya ɗaga tsumman. Miyar rago da dankali da karas, burodi yanka biyu da man shanu, shayi mai kauri yadda yake so. Faranti ɗaya. Cokali ɗaya. Kofi ɗaya.

Ya daɗe yana kallon tiren.

"Yaya aka yi kuka san ina ciki?"

"Mai kawo wasiƙa ya ga hularka a mararraba. Ya ce hular nan ko a lahira ya gan ta zai gane ta."

"Su Sorcha..." Dinny ya fara. Ya yi gyaran murya. "Sun ɗan..."

"Jar saniyarka ta haihu," in ji Mossie, yana kallon waje. "Jiya da hantsi. Ba ta jira ƙarshen wata ba, halin mai ita ta ɗauko, ba ta shawara da kowa. Mace ta haifa. Sai da na sa igiya na ja, amma duk suna lafiya. Suna rumfata."

"Ta sha nono?"

"Kamar ɗan Kerry a gidan biki."

Dinny ya ɗauki cokali. Ya ci loma uku. A waje wani ya yi ihun murna, ƙila ƙwallo ta shiga rami.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Mossie ya cire hularsa ya sosa ƙeya. "Tun Juma'a. Tana ajiye wayarka ta kira Josie. Ta ce a sa maka ido, kada ka fasa."

"Juma'a. Ke nan da ka kai ni tasha..."

"E."

"Kana ta a gaida Sorcha, a gaida Sorcha."

"To me zan ce? Na ba ka hanya ne ka faɗa, ka ƙi. Ni kuma ba zan fizge wa mutum wando a tasha ba."

"Wa da wa ya sani?"

"Josie ce fa ta ɗauki wayar, Dinny."

Dariya ta kufce wa Dinny ta hanci, irin wadda ba ta da nisa da wani abu daban. Ya ajiye cokali ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce barkono ya yi yawa. Mossie ya yarda cewa lallai Josie ta cika barkono kwanan nan, duk da su biyun sun san ba ta sa shi ko kaɗan.

"Fadan coci ya sa a yi mata addu'a ranar Lahadi," in ji Mossie. "Bai kama suna ba, ya ce wata 'yar garin nan da ke nesa. Kowa ya ce amin da ƙarfi."

Dinny ya gyaɗa kai. Ya gutsuri burodi ya dangwali miya.

"Yaya yawon?"

"Ƙasar tana da kyau. Ban san haka take da girma ba." Ya ajiye burodin. "Ba wanda za ka ce wa kalli."

Mossie ya juya hularsa a hannu sau biyu.

"In kana so ka sauka, motata na baya. Minti biyar kana gida, ka ga 'yar maraƙar. Ba wanda zai ce uffan, na yi maka alkawari. Josie ma zan ɗaure ta."

Dinny ya kalli hanyar da ta bi ta bayan tuddan yashi. Ya san ƙamshin kicin ɗinsa, ya san ƙarar agogon bango, ya san yadda kujera ɗaya ke jiran sa a gaban murhu.

"Saura kwana biyu," ya ce. "Gobe Donegal. Za ta tambaye ni yadda take."

"Za ta tambaya kam." Mossie ya miƙe, ya karɓi tiren. Ya kai tsakiyar motar sannan ya tsaya, bai juyo duka ba. "Kwana huɗun nan, shanunka ba su rame ba. Karen ma ya koma kwana a ƙafata, maci amana. Abin da nake nufi, wanda ya riƙe su kwana shida zai riƙe su wata uku. Hunturu ba a yankan ciyawa, zaman banza nake yi, Josie na korata daga kicin. Taimakona za ka yi."

"Ita ta sa ka faɗi wannan ma?"

"Wacce? Su biyu ne, Sorcha da Josie, kuma duk sun fi ƙarfina."

Ya sauka. Dinny ya bi shi da kallo har ya shige ƙofar kicin. Wani hannu ya ɗaga labulen tagar, ya ɗan kaɗa. Dinny ya ɗaga nasa.

Ƙarfe uku masu wasa suka dawo jiƙe da yayyafi, suna gardamar wanda ya ɓatar da ƙwallo mafi yawa. Podge ya hau a ƙarshe. Bai zauna ba, ya taho wurin Dinny, fuskar nan ta ƙara ja.

"Matar kicin ta wanke ni tas. Ashe gidan nan mai jar ƙofa... Haba dattijo, ka bar ni ina ta zuba a makirfo? Ai sai ka jefe ni da takalmi."

"Ka yabi fentin. Ya isa."

"Nan gaba in na bi da wasu, cewa zan yi gidan wani babban attajiri ne da ya tafi yawon duniya."

"Ka ce Bajamushe ne, kada a zo neman aro."

Mota ta tashi. Suka bi ta gaban coci, ta gaban kantin garin, inda mutum biyu da ke tsaye suka ɗaga yatsa ɗaya kamar yadda ake gaida kowace mota. Wannan karon Dinny bai zame ba. Da suka fita garin, hanya ta miƙe arewa, ya taso yana dafa kujeru har ya iso bayan direba.

"Podge, kai da ka san komai. Australiya awa nawa ce a jirgi?"

"Perth ko Sydney?"

"Perth."

"Ashirin da wani abu, da tsayawa a hanya. Ƙanena na can. Ya ce in ka sauka sai ka nemi ƙafafunka ka rasa."

Dinny ya yi lissafi a ransa, yana kallon titi.

"Kwana ɗaya ke nan," ya ce. "Na yi huɗu ina jin muryarka ban mutu ba."

Ya ciro wayarsa, ya riƙe ta nesa da ido yana neman sunan. A Perth yanzu wajen ƙarfe goma na dare ne, ƙila ta yi barci. Ya tsaya da yatsa a kan lambar, sannan ya danna. In ya bari sai gobe, ya san kansa, shanu zai ce.